Ministan Kifi, Babu Kifi: Labarin John Efford



Yau sharhin namu zai yi nisan kiwo. Za mu tsallaka Tekun Atlantika mu sauka a wani tsibiri da ke can ƙuryar gabashin Kanada, mai suna Newfoundland, inda sanyi ke daskarar da ruwa, ƙasar kuma yawancinta dutse ce, ba ta karɓar garma. Mutumin da zan ba ku labarinsa sunansa John Efford. Na san da wuya a samu ɗaya cikin dubu a cikinku da ya taɓa jin sunan. Bai yi firaministan Kanada ba. Ko firimiyan lardinsu ma bai samu ya yi ba, ƙuri'a 14 suka raba shi da kujerar. Abin da ya sa na ɗauko shi wata tambaya ce da ta daɗe tana yi mini yawo a rai: mutumin da jama'a suka tura fada don ya kai kukansu, yaya yake ƙarewa ranar da fada ta juyo da shi, ta ce ya kai musu saƙo?

Amma kafin mu kai ga mutumin, sai mun fara da kifin, don ba za a gane ɗaya ba sai da ɗayan.

Wanda ya taɓa ratsa layin masu kayan miya a kasuwar Sabon Gari ta Kano ya ga wani busasshen kifi mai tauri kamar itace, wanda Ibo ke kira okporoko. Wanda ke zuwa mana yawancinsa daga Norway yake, amma mafi daraja a cikinsa irin kifin nan ne da Turawa ke kira kod. To wannan kifi shi ya kafa Newfoundland. Tun da John Cabot ya isa yankin a 1497 ya koma Ingila da labarin yawan kifin da ya gani, jiragen Ingila da Faransa da Fotugal da Sifaniya suke ta sintiri. Kusan shekara 500 ana kamawa. A bakin mutanen tsibirin, idan aka ce "kifi" kawai ba a ƙara komai ba, to kod ake nufi. Sauran kifaye kowa sai an kira shi da sunansa.

A ɗaya daga cikin tsofaffin garuruwan masuntan wurin, Port de Grave, aka haifi Efford ranar 6 ga Janairun 1944. Garin yana kan wani siririn harshen ƙasa da ya kutsa cikin ruwan Conception Bay, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna a mota daga St. John's, babban birnin lardin. Masu jin Turanci kada sunan ya ruɗe ku, ba kabari ake nufi ba. Ana danganta shi da kalmar Faransanci ta gaɓar tsakuwa inda ake shanya kifi.

Ku ɗan tsaya mu kalli yadda rayuwa take a irin wannan gari lokacin yana yaro. Da bazararsu ta shigo, kifin kan biyo wasu ƙananan kifaye zuwa bakin gaɓa. Maza su fita tun duhun asuba a ƙaramin jirgin katako, su je inda suka kafa tarkonsu. Tarkon nan ɗaki ne guda na raga a cikin ruwa, da bango huɗu da daɓe, da wata doguwar raga mai jan kifi zuwa ƙofa. Ku ɗauka gura ce, amma mai girman zaure. A janyo, a cika jirgi, a dawo. A bakin ruwa kuma aiki ya koma hannun gida duka: wannan ya yanka wuya, wancan ya cire kai da hanji, gwanin ya tsaga ya zare ƙashin baya, a barbaɗe da gishiri a jibge. Bayan kwanaki mata da yara su wanke, su baje a kan rumfunan sanduna, da hadari ya taso a ruga a kwashe. Da kaka kuma ga attajirin gari yana jira da littafinsa. Shi ya ba da gishiri da igiya da garin fulawa bashi tun farkon shekara, shi ya sa wa kayansa kuɗi, shi kuma zai sa wa kifin kuɗi. Masunta da yawa sukan shekara ba su riƙe tsabar kuɗi a hannu ba. Wannan zalunci ne ya sa William Coaker ya kafa ƙungiyar kare masunta tun 1908. Wato masuntan tsibirin sun daɗe da sanin cewa wani ne can daban yake yanke hukunci a kan guminsu.

Wani abu kuma, ba a haifi Efford ɗan Kanada ba. A 1944 Newfoundland ƙasa ce daban, wata hukuma da Birtaniya ta naɗa ke mulkinta. Sai a 1948 aka yi ƙuri'ar raba gardama, masu son shiga Kanada suka yi nasara da kashi 52 da ɗoriya cikin 100, aka ɗaura auren ranar 31 ga Maris 1949. Yaron yana da shekara biyar. Auren ya zo da alheri, babu musu: kuɗin tallafin yara, fanshon tsofaffi, hanyoyi, asibitoci. Sai dai a cikin sadakin akwai abin da mutane ba su auna nauyinsa ba sai daga baya. Ikon teku ya koma Ottawa, fadar gwamnatin tarayya. Yawan kifin da za a kama, wa za a ba lasisi, wa zai yi ƙidaya, wa zai yi sintiri, duk na gwamnatin tarayya ne. Kifi muddin yana cikin ruwa na Ottawa ne. Sai ya hau tudu yake zama na lardi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Efford ya taso ya shiga kasuwanci, ya yi suna da sayar da kayan sari a yankinsu. Ba lauya ba ne, ba kuma malamin jami'a ba. Jarinsa a siyasa bakinsa ne. Yana magana da karin harshen mutanen gaɓa, da sauri, da zafi, ba ya tauna kalma. A 1985 mutanen Port de Grave suka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin lardi a jam'iyyar Liberal, wadda ke adawa a lokacin. Suka sake zaɓarsa a 1989, da 1993, da 1996, da 1999. Da jam'iyyarsu ta karɓi mulki a 1989 ƙarƙashin Clyde Wells, bayan shekara 17 tana waje, ya riƙe ma'aikatar jin daɗin jama'a, daga baya ta ayyuka da sufuri. Waɗannan ba sai mun daɗe a kansu ba. Abin da ya yi masa suna ya faru ne a teku.

Tun daga shekarun 1950 wasu irin jirage suka fara bayyana a can nesa da gaɓa. Na farkonsu na Birtaniya ne, Fairtry, a 1954, sai na Tarayyar Sobiyet da Jamus da sauransu suka biyo baya. Kowane ɗaya masana'anta ce sukutum a kan ruwa: yana jan taru a ƙasan teku yana share duk abin da ya tarar, a gyara kifin a daskarar a cikin jirgin, dare da rana, rani da damina. Har wurin da kifin ke taruwa don zuba ƙwai da hunturu suka gano. A 1968 kaɗai an kwashi tan 810,000 na kod a wannan yanki. A 1977 Kanada ta faɗaɗa iyakar ruwanta zuwa mil 200, ta kori baƙi daga mafi yawan wurin. Sai kowa ya ce to, kifi zai huta. Ina! Kanada ta sa nata manyan jiragen suka ɗora daga inda baƙi suka tsaya.

A nan ne labarin yake ba ni haushi. Tun tsakiyar shekarun 1980 masu ƙananan jirage suke cewa akwai matsala. Tarko ba ya cika kamar da, kifin da ake samu kuma ƙanana ne. Suka kai kuka, har suka ɗauki masana nasu suka rubuta rahoto a 1986. Amsar da suka samu daga ma'aikatar tarayya ita ce lissafi ya nuna kifi na ƙaruwa. Lissafin kuwa ya jingina sosai da abin da manyan jirage ke kamawa, su kuma suna da na'urar da ke hango garken kifi a ƙarƙashin ruwa. Kod kifi ne mai son taro. Idan ya ragu, ragowar sai su dunƙule wuri ɗaya. Jirgi ya je kan dunƙulen ya cika cikinsa, a rubuta cewa kifi ya yi albarka. Kamar mutum ne ya je bakin tafki ɗaya tilo da ya rage a ƙarshen rani, ya ga shanu sun yi dafifi, ya dawo ya ce ai bana dabbobi sun yi yawa a ƙasar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai ɗakin nan ba shi da digiri, don haka aka ce ya yi shiru.

Ranar 1 ga Yulin 1992, ministan kifi na tarayya, John Crosbie, wanda shi ma ɗan tsibirin ne, ya je wani gari mai suna Bay Bulls. Masunta suka yi masa zobe a bakin ruwa. Da abin ya ishe shi ya daka musu tsawa, har da ashar, cewa ba shi ya kwashe kifin daga ruwa ba. Washegari, 2 ga wata, ya zauna a wani ɗakin otal a St. John's gaban 'yan jarida ya sanar da cewa an hana kamun kod a yankin tsawon shekara biyu. Masuntan da suka zo an ajiye su a wani ɗaki daban suna kallo ta talabijin. Da suka ji, suka taso suka yi ta dukan ƙofar ɗakin da yake ciki da kafaɗa da ƙafa, ana jin ƙarar a cikin watsa shirin, 'yan sanda na tokare da ita. Mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a a rana ɗaya. Ba a taɓa sallamar ma'aikata masu yawan haka lokaci guda a tarihin Kanada ba. Diyyar farko da aka yanka musu dala 225 ce a mako, sai da aka yi ca sannan aka ƙara. Shekara biyun nan kuwa sai da ta zama 32.

A wannan yanayi Efford ya zama abin da ya zama. Yana cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiyar masunta, United Fisherpersons, ya shugabance ta, ya riƙa zagaya garuruwa yana taro a ɗakunan coci da na makarantu. A Newfoundland akwai al'adar shirin rediyo na buga waya, musamman a tashar VOCM, inda minista da mai gyaran raga kan bi layi ɗaya su faɗi albarkacin bakinsu. Mu da ke wannan sana'a mun san ƙarfin irin wannan fili. Efford ya san shi fiye da mu. Mutumin da ya wayi gari jirginsa na ɗaure, 'ya'yansa na haɗa kaya za su tafi ci-rani Alberta wurin haƙar mai, idan ya kunna rediyo ya ji wani mai irin harshensa yana zazzaga wa Ottawa abin da ke cinsa a rai, ko ba a ba shi komai ba ya ɗan samu sauƙi. Tafiyar kuwa an yi ta. A ƙidayar 1991 mutanen lardin sun kai 568,000. A ta 2001 sun koma 513,000.

A 1996 sabon firimiya, Brian Tobin, ya naɗa shi ministan kifi na lardi. Ɗan masunta ya hau kujerar da ta dace da shi, kowa ya yi murna. To amma ku tuna abin da na ce ku riƙe. Ministan kifi na lardi ba ya iya ƙara wa masunci ko kilo ɗaya a kason da zai kama. Ba ya iya buɗe teku, ba ya iya rufe ta. Abin da ke hannunsa lasisin masana'antun gyaran kifi ne, da ingancin kaya, da kiwon kifi a keji. Ga rawani, ga zagi, ga kakaki, amma ƙasar ta wani ce.

Sa'ar da ya taka ita ce teku ba ta mutu duka ba. Da kod ya ɓace, kaguwa da jatan lande suka yawaita, don mai cinsu ya tafi. Kaguwar ruwan sanyin nan mai dogayen ƙafafu tana da tsada a Amurka da Japan. Kafin ƙarshen shekarun 1990 kuɗin da ake samu a teku ya zarce na zamanin kod. Port de Grave ma na cikin garuruwan da suka fi cin moriya, tashar jiragenta ta cika da manyan jirage masu zuwa nesa. Har yanzu duk ƙarshen shekara sukan yi wa jiragen ado da fitilu, mutane su zo kallo daga wurare. Sai dai kuɗin ya taru ne a hannun masu lasisin kaguwa, su kuwa ba su da yawa. Kod yana ciyar da gari guda. Kaguwa tana azurta gida goma, sauran su kama hanya.

Sai batun da ya fitar da sunansa waje, wanda kuma a nan nake da ja da shi. Akwai wata dabbar ruwa a yankin da Turawa ke kira sil. Ku ɗauka ƙanwar ayu ce, sai dai ita nama take ci, a kan ƙanƙara kuma take haihuwa. Mutanen tsibirin sun daɗe suna farautarta don fata da kitse da nama. Daga shekarun 1960 masu rajin kare dabbobi suka taso wa farautar, tauraruwar fim ta Faransa Brigitte Bardot ta zo har kan ƙanƙara a 1977, Turai ta hana shigo da fatar jariran a 1983, kasuwa ta faɗi. Dabbar ta yi ta hayayyafa har ta kai miliyoyi. Masunci yana zaune an hana shi kama kifi ko ɗaya, yana kallon dabba tana ci son ranta. Ba sai an gaya muku abin da zai ji ba.

Efford ya ɗauki wannan fushi ya mai da shi tuta. A 1998 ya tashi a zauren majalisar lardi ya ce shi dai burinsa ya ga an kashe sil miliyan shida ɗin nan, ko nawa ne ma, a sayar, ko a hallaka, ko a ƙone, bai damu da abin da zai same su ba. A gida aka yi masa tafi. A waje kuwa ƙungiyoyin da ke yaƙi da farautar suka samu abin da kuɗi ba zai saya musu ba. Suka buga maganar a takardun neman gudummawa, suka yi ta yawo da ita shekara da shekaru. Mafarautan da yake cewa yana karewa su suka biya.

Ba na cewa dabbar ba ta cin kifi. Tana ci, kuma har yau masana na gardama a kan ko tana cikin abin da ya hana kod farfaɗowa da wuri. Amma tambayar wa ya kashe kifin tun farko an amsa ta. Masana biyu, Jeffrey Hutchings da Ransom Myers, sun bi alƙaluman tun 1994 suka nuna kamun wuce gona da iri ne. Dabbar nan ta yi dubban shekaru tana zaune da kod a ruwa ɗaya, kod bai ƙare ba sai da jirgin taru ya zo. A ganina an bar jaki ne ana dukan taiki. Kuma na fahimci dalili. Minista ne da ba shi da iko da jirage, ba shi da iko da kaso, jam'iyyarsa ce kuma ke mulki a Ottawa a lokacin, tun 1993. Abokin gaba guda tilo da zai iya zaga ba tare da ya taka sawun kowa ba shi ne wanda ba ya jefa ƙuri'a.

A ƙarshen 2000 Tobin ya ajiye mulkin lardi ya koma siyasar tarayya. Efford ya fito neman gadonsa. A taron jam'iyya na Fabrairun 2001 aka fafata, Roger Grimes ya kayar da shi da ƙuri'a 14 cikin sama da 1,200. Manyan jam'iyya suna wancan ɓangare, mutanen ƙauyukan gaɓa suna nasa. Bai shiga gwamnatin Grimes ba, ya bar majalisar ma gaba ɗaya. Shekara ta zagayo, Tobin ya bar kujerarsa ta majalisar tarayya, Efford ya tsaya zaɓen cike gurbi a Mayun 2002 ya ci. Ranar 12 ga Disambar 2003 sabon firaminista Paul Martin ya naɗa shi ministan albarkatun ƙasa na Kanada baki ɗaya. Yaron Port de Grave ya shiga ɗakin da ya shekara 18 yana jifa daga waje.

Ana wata ga wata. A wannan lokaci maganar lardin ta tashi daga kifi ta koma mai. An fara haƙo ɗanyen mai a rijiyar Hibernia da ke cikin teku a 1997. Kotun ƙolin Kanada ta riga ta ce a 1984 ƙarƙashin tekun na tarayya ne, amma yarjejeniyar 1985 ta ce lardin ne zai fi kowa cin moriya. Matsalar ita ce Kanada na da tsarin tallafa wa lardunan da ba su da ƙarfi daga asusun tarayya. Duk dalar da Newfoundland ta samu daga mai, sai a zabge mata wajen kashi 70 cikin 100 daga wancan tallafi. A ba ka da dama a karɓe da hagu. Wanda ya bi rigimar man cikin teku da na tudu a Nijeriya, daga hukuncin kotun ƙoli na 2002 zuwa dokar 2004, ba zai ji wannan baƙon abu ba.

Sabon firimiyan lardin, Danny Williams na jam'iyyar Conservative, attajirin lauya ne mai zafin kai. Ana tsakiyar yaƙin zaɓen tarayya na Yunin 2004, Martin yana neman kujeru bakwai na lardin ido rufe, Williams ya matsa masa har ya yi alkawarin za a bar musu kuɗin mansu ɗari bisa ɗari. Martin ya ci zaɓe da ƙyar. Da aka zo rubutawa a Oktoba sai ga sharuɗɗa da iyakoki sun ɓullo waɗanda ba a ambata a baya ba. Williams ya fice daga taron firimiyoyi a Ottawa, ya ce an yaudare su.

To wa za a tura ya gaya wa mutanen Newfoundland su haƙura? Ɗansu da ke cikin gwamnati mana. Efford ya fito gaban 'yan jarida, da wannan murya dai da aka sani, da wannan zafi, ya ce magana ta ƙare, babu sauran canji. Ya kira sunan Williams da na ministan kuɗinsa Loyola Sullivan, yana tambayarsu suna so ko ba sa so. Abin da mutane suka ji, wanda kuma ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, shi ne: in kun ga dama ku karɓa, in kun ga dama ku bari.

Jama'a, da wani ɗan Toronto ne ya faɗi haka, da an zage shi kwana biyu an manta. Ciwon shi ne daga bakin da ya fito. Mutanen da suka ga an sallamar da tekunsu, suka ga 'ya'yansu sun watse, suna ganin man nan shi ne damarsu ta ƙarshe, sai ga wanda ya koya musu yadda ake yi wa Ottawa tsawa yana yi musu tsawa a madadin Ottawa. Layukan wayar rediyon da suka gina shi suka juya masa baya. Aka kira shi maci amana. A idonsu rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Zan yi masa adalci. Tsarin mulkinsu ya ce minista ko dai ya kare matsayin gwamnati a bainar jama'a ko ya ajiye aiki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai yiwuwa kuma har zuciyarsa ya yarda tayin nan shi ne iyakar abin da za a samu, yana tsoron kada a yi biyu babu. Da abin ya tsaya a nan da sai mu ce ya faɗi gaskiya mai ɗaci. Amma bai tsaya ba. Ranar 23 ga Disamba Williams ya ba da umarni a sauke tutar Kanada daga gine-ginen gwamnatin lardi. Ƙasa ta ɗauki zafi. Kafin ƙarshen Janairun 2005 Martin ya sauko, aka cire sharuɗɗan da ake rigima a kansu, aka sa hannu ranar 14 ga Fabrairu, lardin ya karɓi dala biliyan 2 a dunƙule tun kafin a fara lissafi. Wato maganar da Efford ya ce ta ƙare ba ta ƙare ba. Akwai sauran canji, wani ne ya ƙwato shi, ta hanyar da shi Efford ɗin ya fi kowa iyawa a da. Waɗanda suka aike shi sun sauya magana sun bar shi tsaye shi kaɗai a tsakiyar kasuwa.

Daga nan abin bai daɗe ba. Ciwon sukari da ya daɗe yana fama da shi ya matsa masa a 2005, ya janye daga yawancin aiki, ya tafi Florida hutawa, jaridu suka bi shi da cewa yana karɓar albashin minista yana shan rana. Bai tsaya zaɓen Janairun 2006 ba, kujerarsa ta mazaɓar Avalon kuma ta faɗa hannun 'yan Conservative. Ya koma Port de Grave. Daga can ya ci gaba da buga waya gidan rediyo, yana magana a kan kaso, a kan sil, a kan masana'antun da ake rufewa, kamar yadda ya fara. A hankali mutane suka sake sauraronsa, don ya dawo gefen ƙofar da suka san shi.

A 2019 aka bayyana cewa yana fama da ciwon mantuwa, bai kuwa ɓoye ba. Ya rasu ranar 2 ga Janairun 2022, saura kwana huɗu ya cika shekara 78.

Bai ga ranar da aka ɗage haramcin kamun kod ba. A Yunin 2024 ministar kifi ta tarayya, Diane Lebouthillier, ta sanar daga ɓangaren Ottawa cewa an sake buɗe kamun kod na kasuwanci, tan 18,000 a shekarar. Ku tuna na 1968, tan 810,000. A cikin ɗan wannan ma an ware wa manyan jiragen taru kasonsu. Ƙungiyar masuntan gaɓa ta ce ba da ita ba, aka sake cika layukan wayar rediyo.

A nan zan dasa aya.